Jarumina ya fi kowa ƙarfi, amma yaron mai shayi ake tambaya

Fensir_Dala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin manyanmu. Wata takwas na yi ina zana labarina na farko irin na manga, wato labarin zane salon Jafan, shafi 24, baƙi da fari. Jarumin sunansa Jarmai. Maraya ne, ya iya takobi, ba ya tsoro, ba ya ƙarya, ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Fuskarsa kaɗai na zana ta fi sau ɗari kafin ta zauna. Da na gama na buga kwafi goma na raba wa abokai da ƙannena. Kowa ya ce zane ya yi kyau. In na ce to Jarmai fa, sai a ce "ai yana da ƙarfi." Shi ke nan. Abin da ya ɗaure mini kai, mutum shida cikin goman nan wani yaron mai shayi suka tambaye ni, wanda ya fito a shafi uku kacal, ya fasa kofin gilashi ya tura ɓaraguzan ƙarƙashin benci da ƙafa don kada ubangidansa ya gani. Ko suna ban sa masa ba. Ƙanwata har cewa ta yi, "Yaya, an kama shi kuwa?" Me ke sa mai karatu ya ɗauki ɗan labari tamkar nasa? A ina na kuskure?

Mai_Tawada:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, amsa mini abu biyu tukuna. Me Jarmai yake so wanda bai samu ba? Kuma me zai rasa in aka yi rashin sa'a? Yaron mai shayi yana da amsar duka biyun a shafi uku: yana son kada a gani, in an gani kuma zai sha faɗa ko a cire a kuɗinsa. Duk wanda ya taɓa fasa kwanon gidansu ya san wannan faɗuwar gaban. Ba wanda ya taɓa zama mutumin da ba a iya kayarwa.

Dubi Spider-Man. A 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka fito da shi, lokacin da yawancin jaruman komik, wato labaran zane, na Amurka manya ne masu faɗin ƙirji, yara kuwa 'yan rakiya. Shi ɗan sakandare ne da ake tsokana. Da ya sami ƙarfi kuɗi ya fara nema da shi. Ɓarawo ya wuce ta gabansa da gudu, ya ƙi tare shi don a ganinsa ba ruwansa, daga baya ɓarawon nan ya kashe kawunsa da ya rene shi. Bayan nan ga gwaggonsa tsohuwa ba lafiya, ga kuɗin gida, ga shi yana sayar da hotunan kansa ga editan jaridar da ya tsani Spider-Man. Yanar gizon da yake harbawa ado ce. Bashin nan da ke wuyansa shi ya riƙe masu karatu shekara sittin da ɗoriya.

Zee_Kad:
Wallahi Baba Mai_Tawada ya gama magana. Ni ma da na karanta bayaninka, yaron nan na fi son ji.

Ummi_Zane:
Na yarda da Baba, amma ina jan kunne a wuri ɗaya. Da zarar an ce wa sabon mai zane "ba jaruminka aibi," sai ya je ya liƙa masa saurin fushi kamar an liƙa faci a riga. Fushin kuma ba ya jawo masa asarar komai, sai ma ƙara masa kwarjini. Aibin da ba ya cin mai shi ba aibi ba ne. Ku tuna Nobita, yaron da ke cikin manga mai suna Doraemon, tun 1969 yake cin sifili a jarrabawa yana ɓoye takardar kada uwarsa ta gani. Rago ne, matsoraci, mai saurin kuka, ga son banza. Kowane babi ragwancin nan ne ke jefa shi a rami, ko da an ba shi na'urar da za ta fitar da shi. Ƙannena biyu maza, ɗaya gwani ne a aji, ɗaya kullum yana can baya. Dukansu Nobita suke so. Na bayan yana ganin kansa, gwanin kuma yana ganin abin da yake tsoron zama.

Saiyan_Katsina:
Ni fa ban gamsu ba. Goku, jarumin manga Dragon Ball fa? Ba kuɗin haya, ba jarrabawa, ba tsoro, kuma ya fi kowa ƙarfi. Dragon Ball ya yi daga 1984 zuwa 1995 a mujalla, har gobe ana zana Goku a bayan littafin makaranta a garinmu. In ƙarfi laifi ne me ya sa duniya take sonsa? Ku bar yaro ya zana jarumi mai ƙarfi.

Ummi_Zane:
@Saiyan_Katsina ba wanda ya ce ƙarfi laifi ne. Amma Goku ai cike yake da giɓi. Yunwa na kayar da shi. Bai san kan duniya ba, har ya ɗauka aure wani irin abinci ne, ya yi alkawari a kan haka. Kuma son faɗansa ya sha jefa mutanensa cikin hatsari, don yakan bar maƙiyi ya kai ƙarshen ƙarfinsa.

Ɗan_Bauchi:
Bari in shiga tsakaninku. A ganina jarumai iri biyu ne kuke haɗawa. Akwai wanda kake sha'awar ka zama shi, akwai wanda kake ganin kanka a jikinsa. Goku na farko ne. Amma Toriyama, mai zanen Dragon Ball, bai bar shi shi kaɗai ba, ya ajiye masa Krillin a gefe, gajere, mai tsoro, wanda ya san abokan gaban sun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, amma yana zuwa filin. Kuma ku tuna ranar da gashin Goku ya fara rikiɗa ya zama ruwan zinare, kashe Krillin da maƙiyinsu Frieza ya yi ne ya jawo. Ƙarfin da muke tafa wa, daga baƙin cikin rashin aboki ya fito. Jarmai yana da wanda in an taɓa shi zai haukace?

Saiyan_Katsina:
Wannan kam gaskiya ne, ban musa ba. Amma har yanzu Goku nake zanawa, ba Krillin ba.

Baƙin_Alƙalami:
Tun da an ambaci gashin nan, Toriyama da kansa ya faɗa cewa cikin dalilan mayar da shi ruwan zinare, wanda ke fitowa fari a takarda, har da rage wa mataimakinsa wahalar cike baƙin gashi da tawada. Duk mai zane da hannu ya san zafin wannan aikin. @Fensir_Dala in jaruminka yana da rawani mai ninki ashirin da layu da ɗamara, ka tuna sau ɗari biyar za ka maimaita shi. Da ka gaji, fuskar ce za ta fara mutuwa.

Hauwa_Kulu_Art:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Manyan idanun nan na manga dole ne? Duk sanda na zana yarinya da su sai in ga ba ta yi kama da kowa a unguwarmu ba.

Baƙin_Alƙalami:
Ba dole ba ne. Osamu Tezuka, wani mai zanen manga na Jafan, shi ne ya yaɗa salon bayan yaƙin duniya na biyu, shi kuma ya tasirantu da katun ɗin Disney. Amfaninsu dai a ga motsin zuciya da sauri a ƙaramin akwatin zane na shafi.

Malama_Sa'a:
Ɗan gyara, Malam. Tezuka ya yaɗa, amma ba shi kaɗai ba ne tushe. Tun shekarun 1930 Jun'ichi Nakahara yake zana 'yan mata masu manyan idanu a mujallun 'yan mata na Jafan, manga na mata kuma daga can ya gaji nasa idon.

Ni abin da ya fi amfanar da ni shi ne bayanin Scott McCloud a littafinsa na 1993 kan yadda komik ke aiki. Ya ce gwargwadon sauƙin fuska, gwargwadon yawan mutanen da za su iya sa kansu a cikinta. Hoton kyamara na mutum ɗaya ne. Da'ira da ɗigo biyu da layi kuwa fuskar kowa ce. Ya kawo misalin Tintin, jarumin wani komik na Turai: fuska kusan ɗigo-ɗigo, amma jirgi da titi da kasuwar da ke bayansa an zana su dalla-dalla. Mai karatu ya sa fuskar kamar rufi, ya shiga duniyar. @Fensir_Dala ka ce Jarmai ka zana fiye da sau ɗari. Yaron fa, sau nawa? Ina zargin da layi biyar ka gama shi.

Fensir_Dala:
Malama, wallahi haka ne. Ko zanen gwaji ban yi masa ba. Kai kwalkwal, kunnuwa a waje, riga ta yi masa yawa.

Hauwa_Kulu_Art:
Rigar da ta yi masa yawa ita ce labarin ai. Nan take na san ta yayansa ce ko ta ubangida.

Ni tawa matsalar daban ce. Akwai gwajin da ake koyarwa, ka cike ɗan labarinka da baƙi gaba ɗaya ya zama inuwa, in an gane shi to siffarsa ta zauna. 'Yan Jafan da gashi suke cin wannan gwajin. Ni kuwa 'yan mata uku nake da su, duk da hijabi. Da na mayar da su inuwa sai suka zama kamar ƙwarya uku a kife.

Ummi_Zane:
Na sha wannan, 'yar'uwa. Je ki tsaya bakin Islamiyya lokacin tashi ki duba da kyau. Wata hijabinta har ƙasa tana tattare shi da hannu ɗaya don sauri take. Wata nata ya zame baya kullum, goshi a waje. Wata tana cusa hannuwa ciki ba a ganin ko yatsa. Wata jakarta a ƙarƙashin hijabi, sai ta yi tozo a gefe. Ga tsawo, ga tafiya, ga wadda ba ta rabuwa da ƙani a hannu. Uwa tana hango 'yarta daga ƙarshen layi cikin yara hamsin masu kaya iri ɗaya. Abin da uwar nan take gani shi za ki zana. Maza ma haka, yadda mutum ya kafa hula, a tsaye ko a karkace ko an turo ta gaban goshi, ya riga ya gaya maka rabin halinsa.

Abba_Riƙo:
Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau zan yi. Ina shekara bakwai aka kai ni riƙo wani gari bayan rasuwar mahaifiyata. Ba a zalunce ni ba, ana ba ni abinci, ana sa ni makaranta. Amma ranar raba sakamako kowa ana zuwa ɗaukarsa, ni sai in ninke takardata in sa a aljihu in taho. Shekaru bayan nan wani aboki ya ba ni babin farko na manga Naruto, labarin wani maraya mai koyon zama ninja, a waya. Akwai wurin da 'yan ajinsu suka ci jarrabawa iyaye sun kewaye su, shi yana can gefe kan lilo shi kaɗai yana kallo. Na ajiye wayar na fita waje. Ban san komai game da ninja ba, ban taɓa ganin Jafan ba, ba dodo a cikina kamar yadda yake cikin Naruto. Lilon nan dai na san shi.

Na bi labarin har babi na 700. Yaƙe-yaƙen da yawa na manta su.

@Fensir_Dala ka ce Jarmai maraya ne. Maraicin a ina yake fitowa? In a rubuce kawai yake a shafin farko, bai isa ba. Wa yake kallo ranar sallah? Wa yake yi masa ɗinki? Nuna mini akwati ɗaya tak da maraicin ya same shi ba takobi a hannunsa.

Zee_Kad:
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta.

Mai_Tawada:
Amin. Ɗana, na gode da ka buɗe mana wannan. Ka faɗi abin da na yi ta kewaye-kewaye ban kai ba.

Abban_Khairat:
Allah ya gafarta mata. Ni uba ne, ba mai zane ba, 'ya'yana ne suka jawo ni nan. Ina da damuwa da wannan magana ta aibi. Yaron da ya fasa kofi ya ɓoye, ai rashin gaskiya ne. In aka mai da shi abin so, me muke koya wa yara? Ni na fi son jarumi irin Jarmai, mai gaskiya, yaro ya gani ya yi koyi.

Malama_Sa'a:
Alhaji, damuwarka a kan hanya take, ni ma aji nake koyarwa. Amma tatsuniyoyin da kakanninmu suka rene mu da su fa? Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, ga wayon banza, kuma shi yara suka fi so. Ba wanda ya tashi ya zama Gizo, domin muna ganin inda wayon ke kai shi. Yaro ba ya koyon gaskiya wurin wanda ƙarya ba ta taɓa yi masa daɗi ba. In yaron shayin nan ya kwana bai yi barci ba, ya ga an ɗora wa wani laifin, da safe ya je ya faɗa da bakinsa murya na rawa, wannan darasin zai fi zama.

Abban_Khairat:
In har za a nuna sakamakon, ba ni da ja. Abin da nake gudu a nuna ɓarna a wuce kamar ba komai. Kuma har yanzu ina ganin akwai wurin jarumi nagari tsantsa. Ba kowane labari ne sai da tabo ba.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Alhaji bai yi kuskure ba, ana iya yin jarumi nagari labari ya yi daɗi. Mu nan da littattafan zane na Faransanci muka tashi tun lakwal. Ku nemi Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, na farko ya fito a 2005. A wata unguwar Abijan ta Kwaddibuwa labarin yake, ƙarshen shekarun 1970. Aya yarinya ce mai hankali, karatun likita take so, ba ta yawon dare. Da ita kaɗai ce da an yi hamma. Amma ƙawayenta biyu, Adjoua da Bintou, kullum cikin rigima suke, ga iyaye da nasu ɓoye-ɓoyen, kowa kuma wurinta yake kawo kayansa. Nagartarta tana da nauyi domin ana jarraba ta kullum. Kuma ba yaƙi ba yunwa a ciki, unguwa ce kawai da mutanenta, har ya ci kyauta a bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2006.

Abu na biyu, magana. Yawancin zanen Hausa da nake gani a intanet, kowa yana magana kamar mai karanta labarun rediyo. Tsohuwa da ɗan tasha da malami duk baki ɗaya. In na rufe zanen na karanta kalaman kawai, ya kamata in san wa ke magana.

Baƙin_Alƙalami:
Wannan batu na magana ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Har da sautuka. Sai ka ga zanen Hausa an buga ƙofa an rubuta sautin Turanci. 'Yan Jafan suna da sauti har na shiru, su rubuta "shiin" a ɗakin da ba mai motsi, bugun zuciya kuma "doki doki". Mu me muka rasa? Tsit. Tim. Fir. Zumbur. Tsamo-tsamo. Wuƙi-wuƙi. Ka zana yaron nan ya yi wuƙi-wuƙi, ka rubuta "tartsatsa" inda kofin ya fashe, Bahaushe zai ji a jikinsa kafin ya karanta ko kalma ɗaya ta hira.

Nima_Boy:
Daga Accra nake bi. Hausarmu ta zango daban take da taku, amma "tsit" kam duk mun san shi. Ina roƙo in za ku sa ɗan zango a labari ku bar shi da bakinsa, kada ku gyara masa.

Ɗan_Bauchi:
Mu dawo kan tambayar yaron nan. @Fensir_Dala abin da ya same ka yana samun manya. Mujallar manga ta Jafan mai suna Weekly Shonen Jump, tun kafuwarta a 1968, ta shahara da katin ƙuri'a da masu karatu ke cikewa su zaɓi labaran da suka fi so a fitowar. Labarin da ya daɗe a ƙasa ana yanke shi, shi ya sa masu zanen suke sa ido sosai kan wanda mutane suka kama. A ƙuri'ar duniya da aka yi kan 'yan labarin Naruto, wadda sakamakonta ya fito a 2023, Minato ne ya zo na ɗaya, Itachi na biyu. Mai sunan labarin bai shiga ukun farko ba. Mutum shida cikin goma sun ba ka ƙuri'arsu kyauta. Ni dai da ni ne, yaron zan mayar jarumi.

Saiyan_Katsina:
A'a fa. Wata takwas ya yi a kan Jarmai, a ce ya watsar? Kuma wa zai sayi labarin fasa kofi shafi ɗari?

Malama_Sa'a:
Akwai abin da Hirohiko Araki, mai zanen manga JoJo, yake yi kafin ya zana kowa: takardar tambayoyi kusan 60 yake cikewa a kansa, iyali, abin tsoro, abin da ya fi so, irin maganarsa. Gwada wa su biyun ka ga wanda amsoshinsa ke zuwa da kansu.

Ummi_Zane:
Na taɓa cike irin takardar nan har shafi huɗu, yarinyar ta fito a mace. Sai ranar da na ba ta ɗabi'ar yayata ta cizon bakin mayafi in tana jin kunya, sannan ta motsa. Takardar tana taimakon wasu, ban hana ba. Ni dai mutum nake fara kallo.

Fensir_Dala:
Na karanta komai, wasu sau biyu. Yaya Abba_Riƙo, tambayarka ta tsaya mini a wuya. Na duba shafi 24 ɗin nan, babu akwati ko ɗaya da Jarmai yake zaune. Kullum a tsaye yake ko a sama.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Ina aji biyu na sakandare na yi hutu guda ina taya kawuna a teburin shayinsa. Ni na fasa kofin nan. Na tura shi ƙarƙashin benci, da dare kawu ya ƙirga ya ga babu ɗaya, ya yi wa ɗayan yaron faɗa, ni ina tsaye ina wanke cokula ban ce uffan ba. Yaron bai musa ba, kallona kawai ya yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da nake zana shafin ban ma yi tunanin labarina nake zanawa ba, wuri nake son cikewa kafin Jarmai ya iso kasuwa.

Abban_Khairat:
To ɗana, ɗayan yaron nan shi nake son gani a shafi na gaba. In kuma yana raye kana da hanyarsa, ka neme shi.

Mai_Tawada:
Kada ka yar da Jarmai. Zaunar da shi a bencin nan ya nemi shayi, ƙafarsa ta taka gilashin. Mutumin da ba ya ƙarya, ga yaro yana roƙonsa da ido, ga mai shayi yana tambaya wa ya gani. Ka ga takobi ba zai fisshe shi ba.

Ɗan_Bauchi:
Baba, in aka yi haka ai labarin ya koma na Jarmai, yaron ya zama tsani. Ni ta idon yaron nake son a ga Jarmai, daga ƙasa, yadda yaro ke ganin babba.

Hauwa_Kulu_Art:
Zana duka biyun a gurguje, fensir kawai, shafi huɗu-huɗu, ka turo mu gani. Kuma don Allah ka sa masa suna.

Fensir_Dala:
In sha Allahu zuwa Juma'a. Sunan ne ban yanke ba tukuna. Wanda ya fasa zan fara sa wa, ko wanda aka yi wa faɗan?